Koyar da Faransanci a jami'a: ta ina ake kamawa, kuma wane fanni ke da gaba?

Ɗalibar Faransanci: Assalamu alaikum, malamaina. Na kammala digirin farko a Faransanci, na gama bautar ƙasa, kuma burina in koyar a jami'a. Tambayoyina uku ne. Digiri na biyu a gida ya fi ko a waje? Wane fanni ya kamata in kama tsakanin adabi, kimiyyar harshe da fassara? Sannan ana ta cewa Faransanci ba shi da sauran kasuwa a yankinmu tunda Nijar ta raba gari da Faransa. Ina gudun kada in yi aikin baban giwa.

Tsohon Shugaban Sashe: Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai tambayar da ke gaban waɗannan ukun, wato ina bakinki ya kai a harshen? Takardar digiri ba ta amsa wannan. Ki yi lissafi da kanki. Masu koyar da harshen suna ƙiyasta cewa wanda ya fara daga farko yana bukatar wajen awa 600 na darasi kafin ya kai matakin B2, na huɗu cikin matakai shida na ƙwarewar harshe (A1 zuwa C2). Zangon karatu mako goma sha biyar ne idan babu yajin aiki. Kwas ɗin magana da baki mai awa biyu a mako ya ba ki awa 30 ke nan a zango, ku kuwa wataƙila kun kai arba'in a ajin, kowa sai ya samu 'yan mintuna ya buɗe baki. Sauran kwasa-kwasan bayani ne a kan harshen, ba amfani da shi ba. Zaman da 'yan aji uku ke yi a Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991 don ya maye gurbin shekarar da ake tura ɗalibai waje, yana taimakawa, amma da an fito aji sai a koma Turanci da Hausa a ɗakin kwana.

Don haka abin farko shi ne jarrabawar DALF C1, ta shaidar ƙwarewa a Faransanci da gwamnatin Faransa ke bayarwa, a matakin da ke sama da B2. Kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana, kowane kashi maki 25. Ana ci da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da jimillarsa ta wuce 50. Takardar ba ta tsufa, saɓanin ta wata jarrabawar, TCF, da ke mutuwa bayan shekara biyu. Ana rubutawa a cibiyoyin Alliance Française. Inda mutanenmu suka fi zubar da maki shi ne haɗa taƙaitawa daga rubuce-rubuce biyu ko uku: dokar ita ce ba ka kwafi jimlar marubuci, ba ka saka ra'ayinka, ba ka wuce adadin kalmomin da aka yanka maka. Idan kin ga C1 ya yi miki nisa, ki fara da ta ƙasa da ita, DELF B2, babu abin kunya.

Malamar Kimiyyar Harshe: Na goyi bayan Baba a kan wannan. Ƙari kawai: malamin da furucinsa ya karkace, ajinsa duka zai karkace, kuma ɗaliban su ne za su je sakandare su koyar. Ki riƙa ɗaukar muryarki a waya kina karanta sakin layi ɗaya kullum, ki saurara, ki gwada da ta mai karanta labarai.

Tsohon Shugaban Sashe: Game da tsanin aikin a Najeriya, matakai bakwai ne. Mai digirin farko da sakamako mai kyau ana ɗaukarsa mataimaki mai neman horo, da sharaɗin ya gama digiri na biyu cikin wa'adi. Mai digiri na biyu yana shiga a mataimakin lakcara, mai na uku a lakcara na biyu. Daga nan lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Yawanci shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki, kuma ba a kai wa babban lakcara sai da digiri na uku. Matakai biyun ƙarshe ba a cikin gida ake yanke su ba: ana tattara wallafe-wallafenki a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce. Adadin maƙalu da makin kowace iri ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka ranar da aka ba ki takardar ɗaukar aiki ki nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma ki karanta shi tsaf.

Abin da ke karya ƙananan malamai kuwa sananne ne. Sashen Faransanci ba ya cika samun malamai da yawa, sai a ɗora wa sabon shiga haɗa sakamakon jarrabawa, kula da 'yan aji ɗaya, jadawalin lacca da rubuta bayanan taro. Shekara biyar ta wuce bai rubuta babi ɗaya ba. Ki karɓi aiki ɗaya ki yi shi da kyau, na biyun ki ba da haƙuri cikin ladabi, ki nuna takardar rajistar karatunki.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga malamai. Mu a nan tsarin daban ne, kuma ya kamata ƙanwarmu ta san shi don wata rana za ta yi aiki da mutanenmu. Ƙarin girma a jami'o'in Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa yana bi ta hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da dama, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu. Ana shiga da digirin dakta a matsayin assistant, sai maître-assistant, maître de conférences, sannan professeur titulaire. Kowane mataki sai an sa sunanka a jerin waɗanda suka cancanta, kuma kwamitin masana daga ƙasashe daban-daban ne ke zama sau ɗaya a shekara ya duba fayil. Adabi da harsuna ba su da gasar ƙarin girma ta agrégation irin ta likitoci da masu shari'a da tattalin arziki. Fayil ɗinka ne ke magana a madadinka. Abin da ke sa a dawo wa mutum da fayil: maƙalun duk a mujallar jami'arsa suka fito, ko duk yanka ne daga kundin dakta ba sabon bincike, ko sun fita daga fannin da ya ce nasa ne. Akwai kuma ƙa'idar rubutu ta NORCAMES da mujallun adabi da kimiyyar zamantakewa ke bi wajen tsara maƙala da ambaton madogara. Ɗan Najeriya da zai aika maƙala Yamai ko Abijan ya sauke ta ya bi, in ba haka ba tun a teburin edita za a mayar masa.

Dakta Mai Adabi: To mu zo kan fanni, don na ga Malama ta fara jan ɗaliba ɓangarenta. Ni dai adabi nake ba da shawara, da sharaɗi ɗaya: a daina tattaka wuri guda. Ku duba ɗakin ajiyar kundaye na kowane sashe, za ku tarar da "matsayin mace" a littafin Mariama Bâ na 1979 da "ɓacin rai bayan mulkin kai" a na Ahmadou Kourouma na 1968 an yi su har sun gaji. Littattafan ba su da laifi, tambayoyin ne suka tsufa. Ga adabin Nijar nan kusa da mu ba a taɓa shi sosai daga ɓangaren Najeriya ba. Ɗauki Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980, wanda ya ginu a kan turjiyar Sarauniya Mangu ta Lugu ga ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Mai jin Hausa zai iya abin da masani a Paris ba zai iya cikin sauƙi ba: ya ajiye littafin gefe ɗaya, rahotannin sojan mulkin mallaka gefe ɗaya, abin da mutanen Arewa ta Dogon Dutsi ke faɗa da bakinsu gefe ɗaya, ya nuna inda marubucin ya ɗauko, inda ya ƙara, da dalilin ƙarin. Wannan kundi ne, ba taƙaita labari ba.

Malamar Kimiyyar Harshe: Dakta, Allah ya ƙara sani, amma ka faɗa mata kuɗin da wannan aikin zai ci. Takardun mulkin mallaka suna warwatse tsakanin Yamai, Dakar da Aix-en-Provence a Faransa, zuwa ƙauyukan yankin kuma yanzu sai an yi la'akari da tsaro. Ni abin bincikena yana zaune a aji yana jirana. Misali ɗaya. Kowa na cewa Bahaushe yana rikita p da f a Faransanci, kamar a ce Bahaushe iri ɗaya ne. Alhali Bakano da leɓɓa biyu yake furta f ɗinsa, har takan fito kamar p, shi kuwa Basakkwace ko ɗan Tawa "hwari" zai ce inda Bakano ya ce "fari". To ta yaya kuskurensu a pile da file zai zama ɗaya? Ga yadda ake yi: a zaɓi ɗalibai daga karin harshe biyu masu matakin karatu ɗaya, a shirya tagwayen kalmomi irin su rue da roue, vu da bu, beau da bon, a saka su cikin jimla ɗaya da ba ta canzawa don kada mai karatu ya gane abin da ake nema. A ɗauki murya a ɗaki marar fanka da janareta, a tsarin WAV, ba saƙon murya na WhatsApp ba, domin shi yana matse sauti ya zubar da abin da za a auna. Sai a buɗe a manhajar Praat, kyauta ce, a auna. Inda aikin ke lalacewa shi ne mai bincike ya dogara da kunnensa kaɗai, ko ya manta cewa ɗalibin Najeriya ta Turanci ya biyo kafin ya iso Faransanci, sai ya ɗora wa Hausa kuskuren da na Turanci ne. Maganin wannan shi ne a haɗa da rukunin ɗaliban Nijar da ba su bi ta Turanci ba.

Haka batun jinsi. Hausa na da namiji da mace a suna, wanda Turanci ba shi da shi, sai ka zaci sauƙi ne. Amma rana mace ce, soleil namiji. Wata namiji ne, lune mace. Shin sanin jinsi a harshen uwa taimako ne ko tarko? Ana iya gwadawa da ɗalibai a zango ɗaya.

Dakta Mai Adabi: Ban musa ba. Sai dai irin wannan ma ya zama yayi: "nazarin kurakuran ɗaliban makaranta kaza", a ƙirga kurakurai a zana jadawali a tafi. Idan babu tambayar me ya jawo, ƙidaya ce kawai.

Tafinta: Ku bar ni in shigo, don ku biyun kun bar inda aikin yake. A ganina fassara tsakanin Faransanci da Hausa kai tsaye, ba ta gadar Turanci ba, ita ce gurbin da ya fi zama fayau. Yawancin kwasa-kwasan fassara a sassanmu Faransanci da Turanci ne, ɗalibi ya haddace dabaru bakwai na Vinay da Darbelnet na 1958, ya kawo misali ɗaiɗai, a ba shi maki. Dabarun nan don kwatanta Faransanci da Turanci aka tsara su. Matsalolinmu wasu ne. Faransanci na bambanta tu da vous amma ba ya bambanta kai da ke. Hausa akasin haka, duk da muna da "ku" na girmamawa. Duk inda aka ce tu a labari dole mai fassara ya yanke hukunci namiji ne ko mace, ko da marubucin da gangan ya ɓoye. Sunayen wurare ma aiki ne: abin da Bafaranshe ya rubuta da ou, tch, dj sai an komar da shi yadda masu wurin ke faɗa, Tessaoua ta koma Tasawa, Dogondoutchi ta koma Dogon Dutsi. Sannan wa kake rubuta wa? Ɗan Maraɗi "lakwal" ya sani da "mushe", ɗan Katsina "makarantar boko" da "malam", tsakaninsu kuwa tafiyar 'yan awoyi ce. Kafin ka fara sai ka tsayar da masu karatunka ka rubuta jerin kalmomin da za ka tsaya a kansu, in ba haka ba shafi na 10 da na 80 za su saɓa.

Wanda kuma yake son tafinta na taro, wannan horo ne daban da digirin adabi. Mutum biyu ne a ɗan ɗakin tafinta, suna karɓeɓeniya kusan kowane rabin awa, domin bayan haka hankali na gajiya, lambobi da sunaye su fara zubewa. Makarantar ASTI da ke Buea a Kamaru tun 1985 take wannan horon.

Tsohon Shugaban Sashe: Malam Tafinta, gaskiya ka faɗa, amma ka gaya mata ɗaya gefen. Kwamitin ƙarin girma maƙala yake ƙirgawa. Mutum zai shekara biyu yana fassara littafi, a zo a ba shi makin da bai kai na maƙala biyu ba, wani wurin ma a tsaya gardamar ko bincike ne. Dabarar ita ce kada fassarar ta fita tsirara: a yi mata doguwar gabatarwa ta nazari da bayanan ƙasan shafi, sannan a fitar da maƙala ɗaya ko biyu daga matsalolin da aka ci karo da su. Kuma kafin a fassara layi ɗaya a nemi izinin kamfanin da ya buga littafin a rubuce. Haƙƙin mallaka a Najeriya da Faransa yana kai wa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. An sha gama aiki a rasa mai bugawa saboda wannan.

Ɗalibar Faransanci: Na gode ƙwarai, malamai. Saura batun gida ko waje, da kuma makomar harshen.

Malamar Kimiyyar Harshe: Ƙanwata, idan kin samu gurbin aiki, ki yi na biyu a gida kina karɓar albashi, ki ajiye waje don na uku. A Faransa tun 2019 aka ƙara wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista, a lokacin na digiri na biyu ya koma yuro 3,770 a shekara, ko da yake wasu jami'o'in na yafewa. Ƙarin bai shafi digiri na uku ba. Neman gurbin na biyu ta Campus France ake bi, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje. Na uku kuwa ba fom ne farko ba, malami ne: sai kin samu wanda ya yarda ya duba aikinki. Ki shiga theses.fr, shafin kundayen dakta na Faransa, ki ga wa ya duba kundaye a fanninki a 'yan shekarun nan, ki karanta maƙalunsa biyu a rumbunan maƙalu na intanet HAL ko Persée, sannan ki aika masa shafi uku zuwa biyar: tambayar bincike, abin da za ki nazarta, hanyar da za ki bi, jadawalin shekara uku. Wasiƙar da aka aika wa mutum ashirin iri ɗaya ba ta samun amsa. Mai aiki a kan Hausa ya duba INALCO, makarantar harsuna da ke Paris, da LLACAN, cibiyar nazarin harsunan Afirka. Akwai kuma tsarin cotutelle, inda jami'arki da ta can za su sa hannu a yarjejeniya, malamai biyu su duba ki, ki raba zama tsakanin ƙasashen biyu. Jinkirinsa a sa hannun yake, don haka a fara bin takardar da wuri. Kada ki gina lissafinki a kan TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, kaɗai, domin ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025.

Tsohon Shugaban Sashe: Idan kuma maƙwabta za ki, ki tsaya ga manyan jami'o'in gwamnati irin Abomey-Calavi ko Lome ko Abdou Moumouni. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo saboda masu sayar da takarda. Ki tabbatar da matsayin jami'ar a Ma'aikatar Ilimi kafin ki biya ko sisi.

Ɗan Damagaram: Batun makoma kuwa, bari in faɗa yadda yake. Gaskiya ne a Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin mulkin ƙasa da aka kafa a watan ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Amma ku tambayi kanku: dokokin da ke ƙasa, hukunce-hukuncen kotu, littattafan lakwal, takardun asibiti, da wane harshe aka rubuta su? In ana so Hausa ta ɗauki wannan kaya, wa zai juye shi? Sai wanda ya ƙware a harsunan biyu, ya kuma iya ƙirƙirar kalmomin fannu. Abin da ya ragu shi ne kwarjinin Faransa. Bukatar mai jin Faransanci da Hausa ƙaruwa ta yi. Ku kuma a Najeriya duk maƙwabtanku na tudu huɗu, Benin, Nijar, Chadi da Kamaru, da Faransanci suke aikin gwamnati.

Dakta Mai Adabi: A nan ina da ja kaɗan. Bukata daban, kujerar aiki daban. Tun 1996 aka ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a Najeriya, aka sa shi a manufar ilimi, amma makarantun gwamnati nawa ne a Arewa ke da malaminsa? Sashe yana samun gurbin ɗaukar malami ne gwargwadon yawan ɗalibansa. Don haka ta shirya da hannu biyu: kwalejojin ilimi ma suna ɗauka, kuma koyar da Faransanci na musamman ga jami'an kwastan, shige da fice, ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwar kan iyaka fanni ne da ake rubuta kundi a kansa. Sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta fitar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Nan ne sashe mai wayo zai saka fassarar Faransanci da Hausa.

Tafinta: Wani abu da za ta tarar ranar farko a aji: fassarar inji. Ka ba da aikin gida, a kawo maka Faransanci mai santsi daga ɗalibin da ba ya iya gaisuwa. Hana amfani da shi ba ya aiki. A riƙa yin fassarar farko a aji da biro da ƙamus, sannan a ba su abin da injin ya fitar su gyara da jan biro, kowane gyara da dalilinsa, a ƙarshe kowa ya kare zaɓinsa da baki minti biyar. Makin ya fi yawa a kan dalilin. Ta kuma koyi manhajar fassara ta OmegaT, kyauta ce, don ta san yadda ma'ajiyar fassara ke aiki kafin ta kai ga Trados mai tsada.

Malamar Kimiyyar Harshe: Kuma ta kiyayi mujallar da ke karɓar maƙala yau ta buga jibi in an biya. Masu tantancewa na waje sun san su, sukan cire su daga lissafi. Ta fara da taron ƙungiyar malaman Faransanci na jami'o'in Najeriya, ANEUF, ta gabatar, ta ji suka, ta gyara, sannan ta aika mujalla. Ƙananan abubuwa ma na sa edita ya ƙi karantawa: rashin tazara kafin alamar tambaya da ɗigo biyu, amfani da alamar zance ta Turanci maimakon « », taƙaitawar da inji ya juya.

Ɗalibar Faransanci: Allah ya saka da alheri. Zan fara da rajistar DALF. Fassarar Faransanci da Hausa ta fi kwanta mini, sai dai ban san ko zan samu mai duba ni a sashenmu ba, don duk malaman fassarar Faransanci da Turanci suke yi.

Tsohon Shugaban Sashe: Wannan mai sauƙi ne. Babban mai dubawa daga sashenku, na biyu daga sashen harsunan Najeriya. Makarantar karatun gaba da digiri tana yarda idan an rubuta tun wajen gabatar da batu. Ki je wurin na biyun da kanki kafin a kai sunansa, ki tafi da shafi biyu da kika fassara don ya ga hannunki.